Littafin da Ya Kwana a Ɗakin Marubuci: Tambayoyi da Amsoshi

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da Faransanci, yawancinsu a nan Garwa, kuma duk wanda ya taɓa shiga ɗakina ya san kabad ɗin nan mai ƙofar gilashi da ba na barin yara su taɓa. Littattafan bincike da 'yan sanda ne a ciki, irin waɗanda ake kashe mutum a shafi na goma, a gano wanda ya kashe shi a shafin ƙarshe. Tun da labari ya bazu cewa a Turai ana sayen littafi guda da kuɗin da ya isa gina gida, don kawai ya taɓa zama a ɗakin wani shahararren marubuci, tambayoyi suka yi mini yawa: a majalisa bayan la'asar, a waya daga Marwa da Kusiri da Injamena, har da wani ɗan'uwa da ya taso takanas daga Gaundare da buhun littattafai. Ga waɗanda aka fi yi mini, da abin da nake amsawa.

Malam, mene ne "littafin da marubuci ya mallaka"? Ba shi ne wanda ya rubuta ba?

A'a, kuma a nan mutane ke fara rikicewa. Akwai littafin da marubuci ya rubuta, aka buga dubbai, kowa ya saya. Akwai wanda ya sa wa hannu ya miƙa wa wani, wataƙila ma bai ko buɗe shi ba. Sai kuma wanda muke magana a kai: littafin da ya zauna a ɗakinsa, ya saya da kuɗinsa ko aka ba shi kyauta, ya karanta, ya naɗe bakin shafi, ya yi zane a gefe. Sau da yawa ma wani ne ya rubuta shi. Yana iya zama littafin magunguna da guba, ko na shari'a, ko jadawalin jirgin ƙasa, ko ƙamus. Mai tara irin waɗannan yana neman kayan aikin marubucin ne, kamar wanda ke neman uwar maƙera da guduma na wani shahararren maƙeri, ba wuƙar da ya ƙera ba.

To me ya sa zai fi tsada, alhali rubutun ciki ɗaya ne?

Wannan tambaya ce da ba ta kamata ta fito daga bakin Bahaushe ba, don mun riga Turawa sanin amsarta. Ka ɗauki littafin fiƙihu da ake sayarwa a ƙofar masallacin Juma'a. Ka ɗauki irinsa sak, amma wanda wani babban malami ya yi shekara arba'in yana ba da karatu da shi, gefensa duk hashiya da hannunsa, gafakarsa ta yi baƙi saboda gumi, a shafin farko an rubuta "mallakar wane ɗan wane". Ranar rabon gado, a kan wanne 'ya'ya da almajirai za su yi ja-in-ja? Ba wanda zai ce ai matanin ɗaya ne.

Ba ina daidaita littafin ilmi da labarin kisan kai ba, Allah ya tsare. Amma dalilin darajar guda ne. Irin littafin yana da yawa, wanda ya bi ta hannun mutumin kuwa ɗaya ne tak, kuma ba za a ƙara buga shi ba.

Su wane ne marubutan da ake rububin kayansu?

A Ingila, Agatha Christie (1890 zuwa 1976) da Arthur Conan Doyle, uban Sherlock Holmes. A Amurka, Raymond Chandler da tsararrakinsa. A wajenmu masu karatun Faransanci kuwa, Georges Simenon, ɗan Beljiyam, mai labaran kwamishinan 'yan sanda Maigret. Akwai wasu da muka fi karantawa a nan lokacin ƙuruciya, kamar James Hadley Chase da Frédéric Dard mai San-Antonio, amma yawan masu karanta marubuci dabam, tsadar kayansa a gwanjo dabam.

Don ka ji girman abin: a watan Mayu 2004 gidan gwanjon Christie's na Landan ya sayar da takardu da kayan Conan Doyle kusan 3,000, aka tashi da abin da ya kusa fam miliyan ɗaya. A Disamba 2011 gidan Sotheby's na Niyok ya fitar da littattafan ɗakin Chandler, waɗanda suka rage a hannun matar da ta yi masa aikin sakatariya a ƙarshen rayuwarsa. Kwafin littafinsa na farko da ya rubuta wa matarsa sadaukarwa a ciki ya haura dalar Amurka 200,000. Waɗannan su ne kan raƙumi. A ƙasa da su akwai ƙananan littattafai da mai matsakaicin hali zai iya taya wa, idan ya yi haƙuri.

Wannan Christie's ɗin na Agatha Christie ne?

Suna ne kawai ya zo ɗaya. James Christie ne ya kafa gidan gwanjon a 1766, sama da shekara ɗari kafin a haife ta. Sunan ma na mijinta na farko ne, ita 'yar gidan Miller ce.

Ina littattafan ɗakinta suka tafi bayan rasuwarta?

Da yawansu ba su je ko'ina ba. A 1938 ita da mijinta na biyu, Max Mallowan, masanin tonon kayan tarihi, suka sayi wani gida mai suna Greenway a yankin Devon, a bakin kogi, inda suke hutu. Iyalin sun miƙa gidan ga National Trust, ƙungiyar da ke adana gidajen tarihi a Ingila, a 2000, aka buɗe cikinsa ga masu ziyara a 2009, kuma dubban littattafai suna nan a kan kantocinsu. Waɗannan sun fita daga kasuwa, sai dai kallo.

Abin da ya shigo hannun jama'a ya fito ne a Satumba 2006, bayan rasuwar 'yarta Rosalind da mijinta, lokacin da aka yi gwanjon ɗaruruwan kayan gidan a garin Exeter, aka tara sama da fam 300,000. Daga wannan gwanjo ne labarin adakar nan ya fito. Wata mata ta sayi tsohuwar adakar tafiya ta mahaifiyar marubuciyar a kan fam 100, a ciki akwai wani ɗan akwatin ƙarfe a kulle, babu mabuɗi. Ta bar shi shekara huɗu kafin ta sa aka ɓalle, sai ga zoben lu'ulu'u da ƙawar ƙirji da tsabar zinariya. A 2014 aka sayar da zoben da ƙawar a kan kusan fam 50,000. Duk wanda na ba wannan labari sai idonsa ya yi ƙyalli, shi ya sa nake saurin ƙarawa da cewa tsuntsu daga sama gasasshe sau ɗaya yake faɗowa, kuma ya riga ya faɗo.

Ga abin lura ga mai saye. Gidan Greenway ba na mutum ɗaya ba ne. Mijinta ya zauna a ciki, 'yarta da surukinta sun yi shekaru a ciki bayanta, kuma dukansu masu tara kaya ne. Don haka "ya fito daga Greenway" ba ya nufin "na Agatha ne". Littafin da aka buga a 1985 ba zai zama nata ba ko da daga ƙarƙashin matashinta aka ɗauko shi, tunda ta rasu a Janairu 1976. Dillali mai gaskiya zai bambanta maka waɗannan. Wanda ba shi da ita zai bar ka ka ruɗi kanka, ya ce shi bai faɗa ba.

Simenon fa? Na ji an ce ya zo Afirka.

Ya zo, a 1932. Ya bi ta Masar da Sudan ya shiga Kwango, ya koma ta gaɓar teku, ya rubuta rahotanni masu zafi kan mulkin mallaka da wani labari da ya kafa a Gabon. Saboda wannan tafiya ne wasu ke tunanin ya bar littattafai a wani gida a ƙasashen nan. Ni ban sa wannan a lissafi ba: matafiyi ne da ya wuce, ba mazauni ba.

Mutum ne mai yawan rubutu da yawan ƙaura. An haife shi a Liège a 1903, ya zauna Faransa, ya yi shekara goma a Amurka, ya ƙare a Siwizalan inda ya rasu a Lausanne a 1989. Labaran Maigret kaɗai 75 ne, ban da gajeru 28. A 1976 ya ba Jami'ar Liège takardunsa da rubuce-rubucen hannunsa, don haka muhimman kayan suna can a killace. Abin da ya cika kasuwa shi ne littattafan da ya sa wa hannu, domin ya sa wa da yawa. Wannan ya sa sa hannunsa bai kai na wasu tsada ba, ya kuma sa 'yan jabu suka ƙware a kwaikwayonsa.

Yaya zan tabbatar littafi nasa ne da gaske?

A nan maganar take, sauran duk ganye ne. Abin da kake saye ba takarda ba ce, salsala ce: daga hannun marubuci zuwa hannun wa, daga shi zuwa wa, har ta iso ga wanda ke tsaye a gabanka. Malaman hadisi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana daga addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ka ari wannan ma'auni ka auna littafi da shi. Idan akwai giɓi a tsakiya, wanda ba wanda ya san inda littafin ya shiga na shekara talatin, to salsalar ta yanke, farashi ma ya kamata ya yanke.

Shaida mafi ƙarfi ita ce katalogin gwanjon da iyalin marubucin suka yi, da lambar kayan a ciki, da bayanin da ya dace da littafin da ke hannunka, har tabon da ke bangonsa. Bayanta sai wasiƙa daga magada, ko rasit ɗin tsohon kantin da aka sani. Sannan a zo kan abin da ke jikin littafin: ɗan tambarin mallaka da ake liƙawa a cikin bango, hatimi, suna da aka rubuta, zane-zanen gefe. Waɗannan suna taimakawa, amma ba sa tsayawa su kaɗai. Tambarin mallaka takarda ce da manne. Ana ɓamɓaro shi daga littafi mai araha a liƙa wa mai tsada. Ka karkata shafin wajen haske ka duba ko akwai inuwar wani tambari da aka cire, ko manne sabo a kan takarda tsohuwa.

Sai kwanan wata, wanda shi ne ya fi tona asirin maƙaryaci. Littattafan Faransa suna da wani ɗan layi a shafin ƙarshe da ke farawa da «achevé d'imprimer», yana faɗin wata da shekarar da aka gama bugu. Farashi mai «NF» a bango yana nuna farkon shekarun 1960, lokacin da Faransa ta sauya kuɗi. Lambar ISBN ba ta bayyana ba sai daga 1970. Biro bai shiga kasuwa ba sai tsakiyar shekarun 1940, saboda haka rubutun biro mai ɗauke da shekarar 1935 ƙarya ce tsagwaronta. Ga Simenon, ka riƙe cewa ya fara Maigret a gidan buga littattafai na Fayard a 1931, ya koma Gallimard, sannan daga 1945 ya zauna da Presses de la Cité.

Da kuɗina na koyi wannan. Wata shekara na je Yawunde gyaran takardun jarrabawa, wani mai tsofaffin littattafai ya ja ni gefe, ya ciro wani ɗan Maigret daga ƙarƙashin tebur, naɗe cikin jarida. A shafin farko ga sa hannu da tawada shuɗiya, ga shekara, 1951, ga labari mai daɗi cewa daga gidan wani tsohon likita Bature ya fito. Na ba shi jaka arba'in, kusan duk abin da na ware don tsarabar gida. A cikin jirgin ƙasa na dare, mun wuce Belabo, barci ya ƙi zuwa, na kunna tocila na juya shafin ƙarshe don kawai in ji daɗin kayana. An gama bugu a 1958. Wato marubucin ya sa hannu a littafin shekara bakwai kafin a yi takardarsa. Na kashe tocilar na kwanta, har muka iso Gaundare ban ce wa kowa uffan ba. Littafin yana nan a kabad, shi nake fara nuna wa duk wanda ya zo da zumuɗi.

Amma mai sayarwa ya ba ni takardar shaida mai hatimi. Ba ta isa ba?

Wanda ya iya jabun sa hannu, takardar shaida ce za ta gagare shi? Darajarta daidai take da darajar wanda ya bayar. Abin da ya fi ta amfani shi ne alkawari a rubuce cewa in ya tabbata ba gaskiya ba ne za a mayar maka da kuɗinka. Dillalan da ke cikin ƙungiyoyin masu sayar da tsofaffin littattafai, SLAM ta Faransa ko ILAB ta duniya, suna da ƙa'idar tsaya wa kayan da suka sayar, kuma akwai inda za ka kai ƙara. Mutumin da ka haɗu da shi a Facebook jiya ba shi da wannan.

Baba, za a iya dace da irinsa a nan, wajen masu baza littattafai a gindin falwaya?

Littafin ɗakin Agatha Christie a kasuwar Marwa? Kada ka ɓata takalminka. Amma akwai abin da ake samu, kuma ni a wurina ba ƙaramin abu ba ne. Turawan mulki, limaman mishan, likitoci da malaman makaranta da suka yi aiki a ƙasashen nan sun zo da akwatunan littattafai, da za su tafi suka bar su. Shi ya sa har yanzu kakan ci karo da masu bango rawaya na jerin Le Masque, wanda aka fara a 1927 da fassarar wani littafin Agatha Christie, da baƙaƙen nan na Série noire da gidan Gallimard ya fara a 1945.

Ka riƙa buɗe bangon kana dubawa. Ina da guda uku masu hatimin da ke cewa Fort-Lamy. Tunda a 1973 aka sauya wa birnin suna zuwa Injamena, hatimin kansa ya ba ka shekaru. Ɗaya daga ciki yana da sunan wani mutum da fensir, da lissafin kuɗin man mota a shafin baya, da busasshen sauro a shafi na 88. Babu gidan gwanjon da zai kalle shi, amma ya gaya mini wanda ya karanta shi, da inda ya zauna, da abin da ya dame shi a daren. Da irin waɗannan ake koyon karanta jikin littafi, a kan jaka ɗaya ko biyu, kafin a kai ga inda kuskure ke cin albashin wata.

Gargaɗi ɗaya: in ka ga hatimin ɗakin karatu da har yanzu yake aiki, na makaranta ko na wata cibiya, kuma babu alamar su suka fitar da shi, ka bar shi. Aro ne da ba a mayar ba.

In na ga wanda nake so a gwanjon Turai, yaya zan saya daga nan?

Yawancin gidajen gwanjo, har da waɗanda ke sayarwa a Drouot na Faris, suna karɓar tayi ta intanet. Za ka yi rajista da fasfo ko katin shaida da katin banki, kwanaki kafin ranar. Ba sa karɓar Orange Money ko Airtel Money, kuma tura kuɗi waje daga bankunanmu yana son takardar da ke nuna dalili, don haka ka yi magana da bankinka tun kafin ka taya, ba bayan an sallama maka ba. Tayin da aka buga wa guduma bashi ne a wuyanka.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne lissafi. Farashin da aka sallama ba shi za ka biya ba. Gidan gwanjo yana ɗora la'adarsa, wadda takan kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Mu ƙaddara an sallama maka a yuro 300. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne, za ka ce jaka 197, ba laifi. Ɗora la'adar kashi 28, ya zama yuro 384. A ce kuɗin naɗewa da aikowa yuro 60 ne, ya zama 444, wato sama da jaka 291, kuma ba a zo kan ladan banki da abin da duwan za su ce ba. In da fam ko dala ake cinikin, farashin canji ma yana motsi. Ka rubuta iyakarka a takarda kafin a fara, ka ajiye ta gaban idonka, domin zafin gwanjo kamar zafin dambe ne, 'yan kallo na zuga, kai ke shan naushi.

Ka nemi hotuna da bayanin lafiyar littafin kafin ranar: bango, gadon baya, shafin farko da na ƙarshe, da rigar takardar da ke lulluɓe shi, wadda a bugun farko na Ingila da Amurka takan ɗauki mafi yawan kuɗin. Saye ba tare da wannan ba sayen kifi ne a ruwa. Game da isowa, ni na fi son ɗan'uwa mai dawowa ya riƙo a jakar hannu. Wasu tsofaffin rubuce-rubucen hannu masu tsada sai da izinin fitarwa daga ƙasar, gidan gwanjon zai gaya maka.

Akaramakallahu ya ce in tambaya, gwanjo ya halatta kuwa?

Ni malamin boko ne, fatawa ba tawa ba ce. Abin da na karanta a gaban malamaina shi ne jumhurun malamai sun halatta cinikin "wa zai ƙara", abin da aka hana shi ne najashu, wato mutum ya ƙara farashi ba da niyyar saye ba, don ya ingiza wani. Hanin yana cikin ingantattun hadisai. Sauran bayani, ka koma wa Akaramakallahun, ka gaishe shi.

Ya iso lafiya. Yaya zan adana shi a wannan zafi namu?

Littafin da ya yi shekara saba'in a sanyin Ingila yana iya lalacewa a damina biyu a Garwa. Maƙiyan huɗu ne, kowanne da lokacinsa.

Bazara tana gasa takarda. A Maris da Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kai tsaye tanda ne. Ƙananan littattafan aljihu an yi su da takarda mai araha mai tsami a jikinta, zafi kuwa yana hanzarta ta, ta yi ja, ta riƙa karyewa kamar ƙosai busasshe; mannen gadon baya ya bushe, shafuka su zube. Ka zaɓi ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da taga, kada rana ta taɓa bangon. Hunturu kuma ƙura ce, mai shiga ko ta ina. Kabad mai rufi da ɗan burushi mai laushi sun isa.

Damina ita ce mai kawo laima da fumfuna. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ɗaure littafi tam a leda, a zaton an kare shi, alhali an kulle shi ne da gumi. Ka naɗe shi da farar takarda mai kyau, ba jarida ba, ka sa a kwali, iska na ɗan ratsawa. Kuma ka ɗaga shi sama. Wanda ya ga ambaliyar Binuwai ta 2012, ko ta Injamena a 2022, ko ta Yagwa a 2024, ba sai an ce masa kada ya ajiye adaka a ƙasa ba.

Sai gara, sarauniyar ɓarna. Ba ta sallama, ta bango take bi, ta cinye ciki ta bar maka bango lafiya lau kamar ba a taɓa ba. Kabad ɗin ƙarfe ya fi na katako, a janye shi daga jikin bango kamar tafin hannu, a duba bayansa duk wata. Da ka ga ɗan layin jar ƙasa, to ta iso. Kyankyaso yana lasar manne, ɓera yana yin sheƙa. Kada ka fesa maganin ƙwari a jikin littafi, yana barin tabo. Masu adana littattafai suna kashe ƙwari ta hanyar rufe littafin a leda su sa a firiza kamar mako guda, su bar shi ya huce a hankali kafin su buɗe, amma wannan yana son wutar da ba ta ɗaukewa, kai ka san halin da muke ciki.

Bangon ya yage kaɗan. In liƙe da salatif?

Kada ka kuskura. Salatif yana narkewa ya bar tabon da ba ya fita. Kada ka goge rubutun fensir, wataƙila shi ne abin da ka biya. Kada ka kai wa mai ɗinkin littattafan makaranta ya yi masa sabon bango ya datse gefe. Kada ka rubuta sunanka da biro. Bayaninka ka rubuta a wata takarda dabam, ka haɗa da rasit da hoton shafin katalogi, ka ajiye tare da shi.

Yaya, jari ne? In na saya yau zan ci riba gobe?

Ka sayi tumaki. Da gaske nake. Ka biya la'ada wajen saye, za ka biya wata wajen sayarwa, ga kuɗin mayar da shi Turai, tunda a nan ba ka da mai taya shi. Sai farashi ya tashi sosai kafin ka mayar da uwar kuɗi. Masu cin riba su ne waɗanda suka riƙe abu mai kyau shekara ashirin ko talatin, ko dillalan da sana'arsu ke nan.

Akwai kuma maganar bayan rai, da ba a son yi. Ranar da aka zo raba tarika, magada za su ga tsohon littafin Faransanci mai jan takarda, wani ya ba mai ƙosai ta naɗe kaya. In kana da abu mai daraja, ka rubuta a littafin ajiya mene ne, nawa ka saya, ina takardunsa, wa za a tuntuɓa, ka kuma nuna wa ɗaya daga cikin 'ya'yanka tun kana da ƙarfinka.

Namu marubutan fa? Sai na Turawa ake tarawa?

Wannan tambaya ta fi duk sauran daɗi a kunnena. Mongo Beti, bayan shekaru sama da talatin yana gudun hijira a Faransa, ya dawo Kamaru ya buɗe kantin littattafai a Yawunde a 1994, kuma littattafansa biyu na ƙarshe, na 1999 da 2000, a salon labarin bincike ya zuba su, kafin ya rasu a Duwala a 2001. A Mali akwai Moussa Konaté da kwamishinansa Habib, ya rasu a 2013. Waɗannan mutanen jiya-jiya ne. Waɗanda suka zauna da su, suka karɓi littafi daga hannunsu, da yawa suna raye, wato salsalar gajeriya ce, mutum ɗaya ko biyu, kuma ana iya zuwa a tambaya baki da baki. In wani ya ba ka irin wannan littafi, ka roƙe shi ya rubuta maka layi uku: yaushe, a ina, ta yaya ya same shi, ya sa hannu da kwanan wata. Haka ma littattafan malamanmu da mawaƙanmu na ajami da ke cikin gafaka a zaurukan Garwa da Marwa da Abeshe, waɗanda gara ke ci yanzu haka da muke magana.

To kai Malam, kana da ko guda ɗaya na gaske?

Jikata ce ta yi mini wannan, tana tsaye gaban kabad da hannu a baya kamar yadda na koya mata. Daga ɗakin Agatha Christie ko Simenon, ba ni da ko ɗaya. Sau biyu na taya, sau biyu aka wuce iyakar da na rubuta a takarda, na rufe kwamfuta na tafi masallaci. Ina da na jabun nan na jaka arba'in, ina da na Fort-Lamy guda uku, ina da katalogin gwanjo guda goma sha ɗaya da na fi karantawa fiye da labaran kansu. Ta ce to wanne za a ba ta. Na ce ta zaɓa. Ta zaɓi mai sauron.